Wayar da Ake Mantawa a Kan Turmi

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Na sha fara shi a majalisa, in na kai tsakiya sai in karkata zuwa yadda aka sace mini takalmi a Kwatano, a yi dariya a watse. Dalili kuwa, mutumin da abin ya shafa yana nan da ransa. Mijin ƙanwata ne, kuma ɗan gwaggona ne, wato abokin wasana. Abokin wasa kana iya tsokanarsa da komai, amma akwai inda in ka taɓa ya daina zama wasa. Don haka ba zan kama sunan kowa ba.

Ni yawo ya ci rabin rayuwata. Na sayar da yadi a Legas, na kai shi Agadas, na zauna Yawunde har na iya gaisuwarsu. Da gwiwa ta ce ya isa, sai na dawo Daura na kama shago ba nisa da Kusugu. Shi kuwa bai taɓa wuce inda shanu suka kai shi ba. Dillalin shanu ne, gidansa na wani ƙauye ta wajen Baure, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan. Ina kiransa bawana, tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace. Shi kuma yana kirana ɗan tasha. Ranar da ka ji ya ce mini Yaya, to wasa ya ƙare.

Yana da 'yar fari. A gari yanzu kunyar ɗan fari ta yi sauƙi, ni kaina ina kiran nawa da sunansa gatsau, har ana cewa yawo ya ɓata ni. Amma a gidansu abin yana nan da ƙarfinsa. Tunda aka haifi yarinyar nan bai taɓa kama sunanta ba, ko na yanka ko na rana. Ba ya kallon inda take. In ta shigo tsakar gida, sai ya tuna akwai abin da ya bari a waje. In dole ta kama sai ya yi maganarta, ya ce "waccan", ko "ta ɗakin tsohuwa", domin a ɗakin kakarta, gwaggona, ta tashi. Ƙanwata ma haka, ta ma fi shi. Lokacin da yarinyar ta yi wani zazzaɓi mai zafi tana ƙarama, na je dubiya na tarar da shi bayan gida yana gyaran dangar da ba abin da ya same ta. Bai tambaye ni jikinta ba. Ni na ce wa dangar, "An ce da sauƙi." Sai na ga ya zauna a ƙasa.

Yarinyar ta girma, mai kai ce. Tana ajin kusa da na ƙarshe a sakandaren jeka-ka-dawo da ke garin kusa da su, burinta ta zama ungozomar asibiti. Ana nan sai aka sauko da sabon tsari daga sama. Wai azuzuwa sun cika, malamai sun yi kaɗan, don haka za a raba mako: wasu ranaku yara su zo aji, wasu ranaku su zauna gida a aiko musu da darasi ta waya. Malama za ta ɗauki muryarta, ta ɗauki hoton allo, ta zuba a guruf ɗin iyaye na waya. Aka karɓi lambar kowane uba a farkon shekara.

Ranar da aka yi zancen a majalisarmu ni na fi kowa yabon abin. Na gyara hula na ce na ga irinsa a Legas, yaro yana kwance a ɗaki yana karatu da malamin da ke wata ƙasa. Wani dattijo ya tambaye ni, "A Legas ɗin waya nawa ce a gidan?" Na ce masa shi dai ba ya son ci gaba.

A gidan bawana babbar waya ɗaya ce, tasa, wadda yake ɗaukar hoton shanu da ita yana tura wa masu saye a Kudu. Ƙanwata 'yar ƙarama ce da ita mai tocila. To ga darasi yana shigowa aljihun uba, ga mai darasi a ɗakin tsohuwa, ga shi ba zai iya miƙa mata abu hannu da hannu ba. Sai ya samo dabara. Ranar karatun gida, in ya karya kumallo, sai ya fito ya aza wayar a kan wani tsohon turmi da ke kife a tsakar gida, ya yi tari, ya fice. Wani lokaci har ya tsaya a zaure yana lalube aljihu, yana cewa da ƙarfi, "Oho, ko ina na yar da wayar nan." Ita kuma sai ta fito ta ɗauka. In ta gama ta goge ta da gefen mayafi ta mayar kan turmi. Har wasu kasuwanni ya daina ci in sun faɗo ranar karatun gida. In an tambaye shi, ya ce ƙafa ke damunsa. Mutumin da ke bin tirela da gudu.

Da abin ya tsaya nan, da labarin dariya ne, da tuni na ba da shi.

Wata rana da hantsi ina shago ina auna wa wata mata yadi, sai ga yarinyar da kayan makaranta, ta biyo motar kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce, "A'a, likita da kanta? Allura aka zo yi mini?" Ba ta yi dariya ba.

"Kawu, an ce ba zan zauna jarrabawar ƙarshen shekara ba."

"Wa ya ce? Me kika yi?"

"Wai ban halarci karatun gida ba ko sau ɗaya."

"Ke da nake jin har turmi ya kusa iya Turanci?"

Sai ta yi mini bayani. Ashe an lura yara suna buɗe darasi su rufe ba su saurara ba, don haka aka ce shaidar halarta ita ce muryar uba ko uwa. Tunda iyaye da yawa ba sa rubutun boko, aka ce an sauƙaƙa musu: uba ya danna waya kawai ya ce, ni ne wane, 'yata wance 'yar aji kaza ta saurari darasin yau. Shi ke nan. Wanda ba a ji muryar gidansu ba, bai zo makaranta ba. Wanda rashin zuwansa ya yi yawa, ba jarrabawa, sai maimaita aji.

Wallahi dariya ce ta fara kama ni, don na hango bawana riƙe da waya yana gumi. Da na dubi fuskarta sai dariyar ta koma.

"Kin gaya masa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ta taɓa hawa jirgi. "Ta ina, Kawu?"

"Innarki fa?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "In aka ce in maimaita, na bar karatun. Ba zan zauna da ƙannen bayana ba alhali ban yi fashi ba." A hankali ta faɗa, ba rantsuwa, kuma na san jinin gidan. In sun faɗi abu a hankali, sun gama.

Na rufe shago na tafi makarantar. Na yi shirin faɗa a hanya, har na tanadi Turancin Legas. Malamar da na tarar yarinya ce sa'ar 'yata, idonta ya faɗa, ga littattafai jibge a gabanta, ga waya tana ta ƙara kamar tsako. Na yi mata bayani. Ta ce, "Baba, na sani. Ita ce ke fara aiko mini da amsa. Ni ma 'yar fari ce, babana 'ke' yake ce mini har yau."

"To ki rubuta ta zo mana."

"Mai duba mu yana cikin guruf ɗin. Abin da kunnensa ya ji a can shi ne shaida, ba abin da na rubuta ba."

"A sa lambata. Ni kawunta ne, bakina kuma ba ya ciwo."

"Lambar da aka shigar a farkon shekara ba ta canzuwa sai wata shekarar. Ba a nan ake canzawa ba." Sannan ta ce, "Ga abin da zan iya. In mahaifinta ya yi magana sau ɗaya kafin jarrabawa, ya kama sunanta, ya ce ta saurari darussan duka, zan ɗauka in kai wa shugaban makaranta in roƙe shi. Amma da muryarsa, kuma a cikin guruf."

Na biya ta gidansu. Maigidan ba ya nan, ya tafi kasuwar kan iyaka. Ƙanwata na gindin murhu. Na zayyana mata komai tana juya miya, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Yaya, ina ruwana da ita? Ka ci abinci?" Ta goge ido ta ce itacen ɗanye ne. Na duba itacen, busasshe ne ƙarau.

Na same shi a kara, inda ake cinikin shanu, ya durƙusa yana ɗaukar hoton wani farin sa.

"Bawana, ka koma mai hoto ne? Ka ce masa ya yi murmushi."

"Ɗan tasha! Wace mota ta yar da kai nan?"

"Na zo duba dukiyata. Kai da shanun duk nawa ne."

Muka koma gindin darbejiya, ya sa aka dama mana fura. Na bari ya sha rabi, sannan na faɗa masa. Bai yi mamaki ba. Ashe ya sani tun tuni. Kullum yana jin muryoyin mutanen garinsu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kiran sunan nasa. Masu 'ya'yan fari a ajin, wani wansa ne ya ba da lamba tun farko, wani kuma ya runtse ido ya faɗa. Shi yana ta jira ko abin zai wuce da kansa, yadda tsare-tsaren sama suka saba wucewa.

Na ce, "Saniya kana kiranta da suna, ta amsa. Mutum ne ba za ka iya ba?"

"Saniya ba ni na haife ta ba."

"Kawo wayar in yi maganar a madadinka."

"Muryarka ko jakin garinmu ya san ta. In sa ka yi ƙarya a gaban liman? Yana cikin guruf ɗin. Mai unguwa yana ciki. Surukin ƙanena yana ciki."

"To sai ta bar karatun?"

Ya ajiye ludayi. "Yaya," ya ce. Na gyara zama. "Ni ma ɗan fari ne, ka sani. Tsohona ya koma ga Allah bai kira sunana ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa kwana ina zaton ba ya ƙaunata ba. Su waɗanda suka zauna a ofis suka tsara abin nan, sun tambayi wani? Na ba da waya. Na bar kasuwa. Me ya rage kuma sai bakina?"

 Duk yawon da na yi, ban taɓa zuwa garin da aka koya mini amsar wannan ba. Abin da na iya ce masa kawai, "Ta zo har shagona ita kaɗai. Ta ce in an maimaita mata, ta bari. A hankali ta faɗa."

Ya daɗe yana kallon shanu. Sannan ya ciro wayar ya danna.

"Salamu alaikum, Malama. Ni ne... ta gidana ta ji karatu. Duka ta ji."

Na ce, "Suna, bawana. Ta gidanka ai har da akuya."

Ya harare ni, ya goge. Ya sake: "Babbar... wadda ke ajinku..." Ya goge. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na buɗe baki zan sake tsokana, sai na ga fuskarsa, na haɗiye. Ya tashi ya tafi jikin katangar kara ya juya mini baya, kamar mai shirin kama ruwa. Ni ma na juya masa baya, na sa ido a kan wani mai sayar da igiya. Amma kunne ba ya juyawa. Na ji ya yi sallama, ya faɗi nasa sunan, ya tsaya. Sannan ya faɗi nata, da sauri, da wata irin murya kamar wanda ya kurɓi koko mai zafi. Ya ce ta saurari darussan duka, shi shaida ne.

Ya dawo ya nuna mini wayar ba tare da ya dube ni ba. Saƙon bai tafi ba. Wajen nan kusa da iyaka ne, sabis sai ya riƙa rawa tsakanin namu da na Nijar, abin yana ta juyawa a wuri ɗaya. Na san danna ɗaya zai yi ya goge, ya ce Allah bai nufa ba, kuma ba ni da bakin cewa komai. Ya tsaya yana kallonsa. Sai na ga ya ratsa cikin shanu, ya nufi tudun da ake loda su a mota, ya hau har ƙarshe, ya ɗaga wayar sama da hannu ɗaya. Babban mutum da furfura a gemu, yana tsaye kamar mai kiran salla. Can ya sauko ya ce, "Ta tafi." Bai ƙarasa furarsa ba.

Malama ta cika alkawari. Yarinya ta zauna jarrabawa, ta ci, ta wuce ajin ƙarshe. Na so a ce nan labarin ya ƙare.

Saƙo a guruf ba ya mutuwa. Kafin kasuwa ta zagayo, ya fita daga guruf ɗin ya shiga gari. Abokan dillancinsa suka daina kiransa da sunansa, sai "Baban wance", su kama sunan su ja shi. Wasu da wasa suke yi, irin wanda ni ma da zan yi in da ban ga fuskarsa ranar ba. Wasu kuwa ba da wasa ba. Aka kunna wa gwaggona saƙon a wajen wani suna, a gaban mata. Da na je gaishe ta, ta amsa sama-sama, sannan ta ce, "Kai ka lalace a yawo, ba wanda ya ce maka komai. Sai ka dawo ka lalata mini ɗa?" Na ce, "Gwaggo, karatun jikarki ne." Ta ce, "Karatun da sai uba ya tuɓe hula a kasuwa?" Ta juya fuska bango.

Shi kuma ya daina zama majalisa. Daga masallaci sai gida, daga gida sai kara. Abin da ya fi damuna, tsakaninsa da yarinyar ya ƙara nisa. Da, in ta shigo ya fita ne kawai. Yanzu tun bai ji motsinta ba ya riga ya bar gidan, don ya san ta ji. A wayar take karatu, ba yadda za a yi ba ta ji ba.

Da sabuwar shekarar karatu ta matso, tsarin yana nan yadda yake, kowace ranar karatun gida sai an ji muryar uba ko uwa. Sai ga uban yarinyar a shagona. Ban ce bawana ba, bai ce ɗan tasha ba. Ya shafa wani yadi da ba saye zai yi ba, ya ce, "Yaya, ka ba su lambarka. Ta ɗakin tsohuwa ta dawo wajenka ta ƙarasa. Sau ɗaya na iya."

Haka aka yi. Aka yi mata canjin makaranta zuwa cikin Daura, ta dawo ɗakin 'ya'yana mata. Gwaggo ta rasa mai ɗebo mata ruwan alwala da mai taya ta hira, kuma har yau ni take gani da laifin. Ranar da aka kawo kayanta, uban bai rako ba. Ƙanwata ta aiko da daddawa da kuka, ba saƙo. An ce turmin yana nan a kife, kaji ke hawa.

Yanzu ni ke yin saƙon. Nakan danna in kira sunanta da ajinta kamar ina kiran mai shayi, ko tsayawa ba na yi. In miƙa mata wayar hannu da hannu, har in ce ta kula kada ta cinye mini caji. Karatunta na tafiya daidai. Sabon malaminta ya ce in duk iyaye irina ne, da tsarin ya zauna. Na ce masa Allah ya kyauta.

Na lura tun kafin ta baro gida ta turo wancan saƙon na ubanta zuwa wayata. Ban goge ba, ban kuma ce na gani ba. Wani lokaci in ta gama darasi, daga zaure nakan jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, sallama, sunansa, ɗan shirun nan, sannan nata. Ta mayar baya ta sake.

Rannan da la'asar ta kawo mini wayar, ta goge ta da gefen mayafi yadda ta saba, amma ba ta miƙo ba. Ta aza ta a kan kujerar da ke gefena, ta durƙusa daga nesa kaɗan.

"Kawu, in tambaye ka wani abu, ka faɗa mini gaskiya ban da wasa?"

Na ce, "Yau kuma? To, ina ji."

"Ranar nan a kasuwa, shi ya ga dama ya faɗa, ko kai ka matsa masa?"